Wasiƙa Zuwa Ga Matasan Zungur Kan Rana Da Fatar Jiki

'Ya'yana da ƙannena na ƙasar Zungur, maza da mata.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne fatar jikinku da ranar da ke dukanta kullum. Na san wani zai ce, mu da muka tashi muna noma da kiwo a tsakar rana, yau kuma za a tsorata mu da ita? Ku yi haƙuri ku saurare ni. Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ya koyar da tsafta da kiwon lafiya a Zariya kafin ya yi suna a waƙa da siyasa, don haka maganar lafiya ba baƙuwa ba ce a gidanku.

A cikin hasken rana akwai wani kashi da ido ba ya gani, masana suna kiransa UV. Yana ratsa fata yana lalata ƙwayoyinta kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, har wata rana wasu daga cikinsu su kama hayayyafa ba tsayawa. Wannan shi ne ciwon daji na fata. Hasken ya fi ƙarfi daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, kuma hadari ko hazon hunturu ba sa tare shi gaba ɗaya. Abin da ke kare mu shi ne sinadarin da ya sa muka zama baƙaƙe, wato melanin, wanda ke shanye kaso mai yawa na wannan haske kafin ya yi ɓarna. Shi ya sa ciwon ya fi addabar Turawa fiye da mu. To amma a cikinmu akwai waɗanda aka haifa ba su da wannan kariya, akwai kuma waɗanda suke da ita suna kankare ta da kuɗinsu.

Na farko su ne 'yan'uwanmu zabiyoyi, kuma su ne suka fi tsaya mini a rai. Ku dubi yaro zabiya da aka ɗora wa talla ko aka tura shi kiwo ba hula. Ku dubi saman kunnuwansa da ƙeyarsa da leɓensa na ƙasa: fatar ta yi ja, ta yi kaushi, ta yi ɓawo-ɓawo, yana tafe yana ƙanƙance ido. Mutane sukan ce ai haka jikinsu yake. Wallahi ba haka yake ba, ƙunar rana ce, kuma waɗannan wurare masu kaushi su ne sukan rikiɗe su zama daji. A nahiyarmu wannan ciwo yana kashe zabiyoyi da yawa tun suna da ƙuruciyarsu, alhali idan an ga tabon da wuri likita yana iya cire shi cikin sauƙi.

Zabiyanci gado ne da ake ɗaukowa daga uwa da uba duka biyu, ko da su kansu baƙaƙe ne wuluk. Ba a ɗaukarsa ta hanyar cin abinci tare ko musabaha, kuma ba laifin uwa ba ne balle a ce aikin iskoki. Idan kana da ƙani ko ƙanwa zabiya, kai ka karɓi aikin rana ka bar masa na inuwa ko na sassafe. A saya masa malafa mai faɗin baki da za ta rufe kunne da wuya, domin hular zanna ba ta kai nan. A ɗinka masa riga mai dogon hannu ta yadi mai kauri, a nema masa tabarau mai duhu, a roƙi malaminsa ya zaunar da shi a gaban aji saboda raunin gani. Sai kuma man kariya daga rana, wanda aka rubuta SPF 50 a jikinsa, a riƙa shafawa a duk inda tufafi bai rufe ba, ana maimaitawa bayan awa biyu idan ana waje. Man yana da tsada, na sani. Shi ya sa ya kamata ku matasa ku sa shi cikin abin da kuke nema daga shugabanni da masu hali, kamar yadda Gidauniyar Albino da Jake Epelle ya kafa a 2006 ta daɗe tana fafutika. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni domin zabiyoyi, ana bikinta tun 2015. Ƙungiyoyinku na samari za su iya amfani da ranar su tara kuɗin malafa da mai.

Yanzu gare ku, 'yan matana, har da samarin da suka shiga sahu, masu shafe-shafe. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da man ƙara hasken fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Haɗin da ake zubo muku a roba marar suna a kasuwa yakan ƙunshi haidirokwinon ko sitiroyid ko makyuri, kuma aikinsu shi ne hana jiki yin melanin. Mai yin bilicin kamar wanda ya kwashe jinkar ɗakinsa ne ana tsakiyar bazara. Na ga amarya da aka yi wa irin wannan gyaran jiki: fuska ta yi fari fat, gaɓoɓin yatsu sun tsaya baƙaƙe, jijiyoyi kore-kore sun bayyana a damtse, nankarwa ta tsattsaga mata hannu tun ba ta haihu ba, kuma ko tsakar gida ta ratsa da rana sai kumatunta su kama raɗaɗi. Irin wannan fata ba ta riƙe ɗinki da kyau ranar da aka buƙaci tiyata. Makyuri kuma yana taɓa ƙoda. Likitoci a Dakar ta ƙasar Senegal sun ba da rahoton samun dajin fata a jikin matan da suka daɗe suna wannan shafa. Ku kuwa samari, da hannunku a ciki, tunda ku ne kuke zuga fara kuna kushe baƙa, har kuna tura iyaye su saya wa jarirai man.

Mai baƙar fata ma bai kuɓuta gaba ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa a 2019 kusan mutum 19,000 ne suka mutu da dajin fata saboda aiki a cikin rana. Manomi da ɗan acaɓa da birkila da mai fasa dutse, kowa ya rufe kansa da kafaɗunsa, ya nemi inuwa idan rana ta take.

A wurinmu kuma dajin yakan ɓullo inda ba a zato, wani lokaci ba ruwansa da rana. Yakan fito a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce kamar baƙin tabo. Haka ya fara wa mawaƙin Jamaika Bob Marley a ɗan yatsan ƙafa, ya kashe shi a 1981 yana da shekara 36. Tsohon gyambo da tabon ƙunar wuta ma sukan juye su zama daji bayan shekaru. Saboda haka duk miki da ya yi wata guda bai kama hanyar warkewa ba, duk tawadar Allah da ta fara girma ko canja launi ko zubar da jini, a kai wa likita.

A nan ne muke yin babbar asara. An daɗe ana cewa daji ba ya son ƙarfe, idan allura ko wuƙar likita ta taɓa shi sai ya bazu. Da wannan magana ake riƙe marar lafiya a gida ana shafe-shafen garin magani, sai ciwo ya ci nama ya kai ƙashi sannan a kwashe shi zuwa asibiti. Idan ya rasu sai a ce ƙarfe ne, alhali jinkiri ne ya kashe shi. Dajin fata yana cikin waɗanda suka fi saurin warkewa idan an yanke shi yana ƙarami, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa yana nan cikin garin Bauci, ba sai an je Kano ko Abuja kafin a duba mutum ba.

Ku ne kuka yi karatu, ku ne iyaye suke miƙa wa takardar asibiti ku karanta musu. Don Allah ku duba ƙafafun tsofaffinku da kunnuwan ƙannenku zabiyoyi tun a wannan mako, kuma idan kun ga abin da bai kwanta muku ba, ku tsaya kai da fata sai an kai su asibiti.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani. Wassalam.