Kada Alkama Ta Yi Bununi Cikin Zafi

'Yan uwa manoman Wurno, Rabah da Goronyo, ku shuka alkama daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Lokacin fitar zangarniya gado ne a cikin iri, kuma yakan ɗauki kusan wata 2. Wanda ya makara, bununinsa zai faɗa cikin zafin ƙarshen Fabrairu. Alkama kanta take yi wa barbara, idan zafi ya haura digiri 30 sai bununin ya lalace, zangarniya ta tsaya kyakkyawa amma babu ƙwaya. Abin takaici ne bayan wahalar ban ruwa.

Ku nemi ingantaccen iri irin Norman, na cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri. Ranakun bununi kuwa, kada ruwan Rima ya yanke wa gona.