Kalimba da Wayar Hannu: Shawarwari Ga Masu Kiɗa a Gida

Kalimba ɗan akwatin katako ne mai harsunan ƙarfe, ana kaɗa ta da manyan yatsu biyu. Dangin mbira ce ta Shonawan Zimbabuwe da likembe ta Kwango, haka nan agidigbo ta Yarabawa. Hugh Tracey ne ya fara ƙera irin wadda ake sayarwa yanzu a Afirka ta Kudu cikin shekarun 1950, kuma mai harshe 17 ta fi yawa a kasuwa. Muryarta siririya ce, ba ta cika ɗaki, shi ya sa masu ita ke haɗa ta da manhajar waya.

1. Ku fara saita harsunan. Babu manhajar da za ta gyara harshen da ya kauce. Ku sauke manhajar saita sauti, ku bi su ɗaya bayan ɗaya da 'yar gudumar da ake sayarwa tare da kalimbar. In an rage tsawon harshe muryarsa za ta hau, in an ƙara za ta sauka.

2. A kashe fanka, a jira janaretan maƙwabta ya yi shiru, a sa wayar a yanayin jirgin sama. Ɗaki mai katifa da labule ya fi falo mai tayil.

3. Ku yi aiki da iyafis mai waya. Na Bluetooth yana jinkirta sauti, sai ka taɓa harshe ka ji shi bayan yatsanka ya riga ya wuce, kiɗan ya rikice. In kuwa kuka bar lasifikar wayar a buɗe, makirufo zai riƙa kama abin da take fitarwa har ta soma kuka.

4. Makirufon waya ya isa a fara da shi. A ajiye wayar kamar taƙi ɗaya daga ramin kalimbar, kada a ɗora su kan teburi guda, don katako yana kai mata duk wani motsi. Mai hali ya sayi ɗan faifan ɗaukar sauti da ake mannawa a jikin akwatin, amma sai an bi da shi ta ƙaramar na'ura irin iRig kafin ya shiga waya, in ba haka ba sautin zai fito a bushe. Kada rashin kuɗi ya kashe wa kowa gwiwa. Mingiedi Mawangu, wanda ya kafa ƙungiyar Konono N°1 a Kinshasa, da maganaɗisun tsofaffin motoci ya haɗa wa likembe ɗinsu abin ɗaukar sauti, kuma faifansu Congotronics na 2004 ya zagaya duniya.

5. Eko kamar gishiri yake a miya. A nan ne mafi yawa suke ɓata aikinsu. BandLab, wadda ke aiki a Android da iPhone, da GarageBand ta iPhone, duk suna da iri biyu: mai sa ka ji kamar a babban zaure kake, da mai maimaita bugu kamar amsa-kuwwa. Harshen kalimba dama yana daɗewa yana amo bayan an sake shi, to in aka cika masa eko sai sautukan su hau kan juna, karin waƙar ya ɓace. Ku ɗaga shi sannu a hankali har ku fara jinsa, sannan ku ɗan sauko. Mai maimaitawar kuma a daidaita tazararsa da saurin kiɗan, kuma ya fi dacewa da waƙa mai tafiya a hankali.

6. Kada ku kashe zizar. Shonawa da gangan suke ɗaura marafen kwalba ko ƙwanson katantanwa a jikin mbira da ƙwaryar da ake sa ta ciki, wato deze, don ta riƙa ziza. Maɓallin cire hayaniya bai san haka ba, zai ɗauke ta a matsayin datti ya share. Ni dai ina ganin asara ce babba. Fasahar ƙera mbira da kaɗa ta ce UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2020 da sunan Zimbabuwe da Malawi. Amma harshe guda da ke karkarwa don ya saki, wannan gyara yake so.

7. Ku gwada naɗa kiɗa kan kiɗa. A al'ada mutum biyu ne ke kaɗa mbira, ɗaya ya ja gaba, ana ce wa nasa kushaura, ɗayan ya saƙa nasa a tsakani, shi ne kutsinhira. Da manhaja mutum ɗaya zai iya naɗar na farko, ya saurare shi a kunne, ya ɗora na biyu. Yara ma suna son wannan, a ba su dama, sai dai a rage musu ƙarar iyafis.

8. Kullum ku ajiye kwafin da ba a sa masa komai ba. In za ku tura wa 'yan uwa ta WhatsApp, ku tura shi a matsayin fayil, domin saƙon murya yana matse sauti ya cinye armashinsa.