Masassarar yara

Ka taso daga lakwal, ka iske ƙanenka kwance. Jikinsa da zafi, ya ƙi wasa, ya ƙi fura. Inna ta ce: «Masassara ce.» To, mi ke kawo ta?

Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne. In ya kai 38, akwai masassara. Alama ce jiki yana yaƙi da ƙwayoyin cuta. Mafi ƙanƙanta cikinsu ana ce musu birus. Ido ba ya ganin su. Su ke kawo mura da ƙyanda. Suna bin tari da atishawa, daga wannan yaro zuwa wancan.

Yaron da birus ɗin mura ya kama yana majina da tari, kansa yana ciwo. Galibi zafin yana sauka cikin kwana 3 ko 4, don jiki da kansa yake cin ƙarfin birus. Kafso da allurar fenisilin ba su kashe shi.

Amma hattara! A ƙasarmu akwai masassarar cizon sauro, musamman da damina, kuma tana kisa. Da ido ba a rarrabe su. Saboda haka, duk yaron da jikinsa ya yi zafi, a kai shi likita ran nan. Can za a ɗiga jinin yatsansa a auna. Cikin kamar minti 15 an san gaskiya.

In an ce birus ne, ga abin yi a gida:
1. A ba shi ruwa mai tsabta da kunu akai-akai. Jariri ya ci gaba da shan nono.
2. A sa masa riga marar nauyi. Kada a lulluɓe shi da bargo, kada a kwara masa ruwan sanyi.
3. A ba shi farasetamol yadda ma'aikacin likita ya faɗa. Ba a ba yaro asfirin.
4. Kada a sayi magani wurin mai talla.

A koma likita da gaggawa, ko da tsakar dare ne, in yaro yana jijjiga, ko wuyansa ya sandare, ko yana numfashi da ƙyar, ko ya kasa sha, ko yana aman duk abin da ya sha, ko an kasa tashe shi daga barci. Haka ma in ƙuraje sun feso masa, ko zafin ya wuce kwana 3.

Mu riƙe
Rigakafi ya fi magani. Ana yi wa jariri allurar ƙyanda in ya cika wata 9. Mu wanke hannu da sabulu, mu rufe baki in muna tari.

Tambayoyi
1. Daga digiri nawa ake cewa akwai masassara?
2. Don mi ake auna jini?
3. Faɗi alamu 3 na gaggawa.

Aiki
Karanta wa iyayenka wannan darasi da dare.