Kafin Ka Ce "'Yan Mata, Ji Mana"

Samari da yawa sun ɗauka shawo kan budurwa hadda ce. Sai saurayi ya kwafo kalamai daga WhatsApp ko littafin soyayya, ya tare 'yar mutane a bakin titi: "Kamar na san ki a wani wuri." Ita kuwa ta sha jin wannan kafin kai. Abin da take son sani uku ne: wane ne kai, me kake nufi da ita, kuma za ka iya zuwa ƙofar gidansu?

Fara duba wuri da lokaci. Kada ka tare ta a lungu ko da dare, kada kuma ka riƙa bin ta da mota kana danna hon. Idan ƙanwarka ko matar yayanka ta san gidansu, bi ta hannunta, ya fi mutunci.

In dama ta samu, yi cikakkiyar sallama, ka ɗan ja baya, ka kira ta "malama" ko "baiwar Allah". Faɗi sunanka, unguwarku da sana'arka ta gaskiya. Tela ya ce shi tela ne, ɗan kasuwa ya faɗi abin da yake sayarwa. Motar aro za ta koma wurin mai ita, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Sannan ka ce: "Na yaba da hankalinki. In ba a yi miki miji ba, ina neman izinin zuwa gida." Wannan tambaya dole ce, domin Manzon Allah (SAW) ya hana mutum neman aure a kan neman ɗan'uwansa. Daga nan ka yi sallama ka tafi.

Ranar zance, aika yaro ya ce ana sallama da wance. Durƙusa ka gaishe da dattawan da ka tarar a ƙofar gida, domin su za a fara tambaya a kanka. Ku zauna a zaure ko inda ake ganinku. Tambaye ta karatunta, sana'arta da abin da take buri, ka yi shiru ka saurara. Kada ka yi zancen surar jikinta, kada ka kushe wani manemi, kada ka yi alkawarin kujerar Makka alhali kuɗin haya na ba ka wuya. Toshi gwargwadon ƙarfinka. Ka tashi tun kafin a aiko ƙaninta ya ce Umma na kira.

Koyi bambanta kunya da ƙi. Mai sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi amma tana fitowa in ka zo, kunya ce. Wadda ta ce an yi mata miji, ko ta daina fitowa da ɗaga waya, ta ba ka amsa. Ka ƙyale ta, ba naci, ba ɓata suna.

Idan kun fahimci juna, kawo maganar gwajin jini da wuri. Masu AS biyu, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila, kuma tun 2024 dokar jihar Kano ta wajabta gwaji kafin ɗaura aure. Bayan haka kada ka ɓata mata lokaci. Ɗan'uwa, in da gaske kake, turo magabatanka.