Darasin Sana'a: Karyewar Wayoyin Ƙafar Babur

Babur ya zama jakin zamani a karkara. Da shi ake kai hatsi kasuwa, da shi ake ɗauko taki, da shi ake kai mara lafiya asibiti. A wasu wurare ana ɗaura masa akwati mai ƙafa ɗaya a gefe, don ɗaukar kaya ko mutumin da ba ya iya zama. Duk wannan nauyi yana sauka ne a kan siraran wayoyin da ke riƙe da ƙafa. Idan suka karye a tsakiyar daji, tafiya ta tsaya, wani lokaci ma har da rauni.

Yadda ƙafar take

Ƙafar babur tana da cibiya a tsakiya, da wili a waje wanda taya ke zama a kai. Wayoyi ne ke haɗa su. Yawancin ƙananan babura suna da waya 36 a kowace ƙafa: 18 daga gefen dama na cibiya, 18 daga gefen hagu. Kowace waya tana da lanƙwasasshen kai wanda ke maƙale a cibiya. Ɗaya bakin kuma yana da zare, inda ake ɗaura ɗan noti a jikin wili.

Ƙarfin waya yana cikin ɗaurinta. Kowace tana jan wili zuwa cibiya, na dama suna ja, na hagu suna ja, sai wili ya tsaya a tsakiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan waya ɗaya ta saki, aikinta ya koma kan maƙwabtanta.

Abin da ke karya waya

Na farko shi ne sakin noti. Wayar da ta saki tana motsi duk lokacin da ƙafa ta juya. A hankali ƙarfen ya gaji, kamar yadda ake lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke. Shi ya sa galibi take karyewa a wuyanta, kusa da cibiya.

Na biyu shi ne lodi fiye da kima. Buhun masara biyu da mutum biyu sun fi ƙarfin ƙaramin babur. Ƙafar baya ce ta fi shan wahala, domin ita ke ɗauke da yawancin nauyi, kuma ita ce inji ke juyawa.

Na uku shi ne faɗawa rami da gudu, musamman idan iskar taya ta yi ƙasa. Na huɗu kuwa tsatsa ce, wadda ruwa da taɓon damina ke kawowa.

Babur mai akwati a gefe

Babur shi kaɗai yana karkata idan zai sha kwana. Wannan karkatar tana sa nauyi ya bi tsayin ƙafa, yadda aka ƙera ta ta ɗauka. Amma babur mai akwati a gefe ba ya karkata. A kowace kwana nauyi yana tura wili ta gefe, wayoyin ɓangare ɗaya su miƙe sosai, na ɗaya ɓangaren su saki. Saboda haka wayoyinsa sun fi saurin saki da karyewa. Mai irin wannan babur ya riƙa shan kwana a hankali, ya nemi wayoyi masu kauri idan ramukan cibiya da na wili za su karɓe su, kuma ya duba ƙafa uku, ba biyu ba.

Yadda ake ganewa

A ɗora babur a kan jak yadda ƙafa za ta bar ƙasa. A ɗauki ƙaramar sifana a riƙa ƙwanƙwasa wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Wayar da ke ɗaure tana yin ƙara mai zaƙi. Wadda ta saki kuwa ƙararta a dushe take. A fara daga bakin da ake ba taya iska, don a san inda aka tsaya.

Daga nan sai a juya ƙafar, a riƙe alli kusa da gefen wili ba tare da motsa hannu ba. Inda allin ya taɓa, nan ne wili ya goce. Gocewar da ta wuce milimita 2 tana bukatar gyara.

Idan ta karye a hanya

A tsaya nan da nan. A ɗaure karyayyar wayar a jikin ta kusa da ita da 'yar waya ko roba, don kada ta shiga sarƙa ko birki. Idan guda ɗaya ce, a rage kaya, a tafi sannu a hankali zuwa wurin bakanike. Idan uku ne ko huɗu a wuri ɗaya, ko kuma ƙafa tana rawa, kada a hau. A nemi wani abin hawa don mara lafiya ko kaya, a tura babur da hannu.

Kada a kai waya wurin mai walda. Wuta tana rage ƙarfinta, za ta sake karyewa kusa da inda aka liƙa.

Yadda ake sa sabuwa

1. A cire ƙafar, a sace iska, a fitar da taya da tiyub, sannan a ɗage robar da ke rufe kawunan noti a cikin wili.

2. A cire karyayyar wayar da notinta, a tafi da su kanti. Wayoyi ba ɗaya ba ne. Akwai ta ciki, akwai ta waje, kuma tsawo da kauri sun bambanta daga babur zuwa babur.

3. A zura sabuwar ta ramin cibiya, a bi da ita yadda 'yan'uwanta suka giccina, har ta kai raminta a wili.

4. A ɗiga mai kaɗan a kan zaren, a ɗaura noti da hannu, sannan a ƙara da sifanar waya har ƙararta ta yi daidai da ta sauran. Filaya tana cinye kan noti, kada a yi amfani da ita.

5. Idan bakin wayar ya leƙo ta cikin wili, a goge shi da magagari. In ba haka ba zai huda tiyub.

6. A mayar da robar, ko a sa sabuwa idan ta yage, kafin a mayar da tiyub da taya.

Daidaita wili

Wannan shi ne aikin da ke bukatar haƙuri. Idan wili ya goce dama, a ɗan saki wayoyin da suka fito daga dama a wurin, a ɗaure waɗanda suka fito daga hagu. Idan ya goce hagu, a yi akasin haka. Kada a wuce rubu'in juyi a lokaci ɗaya. A juya ƙafa, a sake gwadawa da alli, a maimaita har allin ya daina taɓa wuri ɗaya. Ɗaure waya ɗaya da ƙarfi fiye da sauran yana jawo wili ya ƙara gocewa. Wanda bai saba ba ya kai wa bakanike, ya tsaya ya kalli yadda ake yi.

Sabuwar waya takan ɗan saki bayan tafiyar farko. A sake duba ta bayan mako guda. Idan wayoyi suna ta karyewa ɗaya bayan ɗaya, alama ce duk sun gaji. Sai a canza su gaba ɗaya, a kuma duba ko wili ya tsage a bakin ramuka.

Rigakafi ya fi magani. Mai babur ya ƙwanƙwasa wayoyinsa kowane mako, musamman kafin ranar kasuwa. Ya wanke taɓo, ya duba iskar taya, ya raba kaya sawu biyu idan sun yi yawa. Babur ɗin da jama'a suka ajiye don kai marasa lafiya da mata masu naƙuda asibiti ya kamata a duba shi tun da rana, a kuma ajiye wayoyi huɗu ko biyar da sifanarsu a cikin akwati.

Tambayoyi

1. A wane wuri waya ta fi karyewa, kuma me ya sa?
2. Me ya sa babur mai akwati a gefe ya fi karya waya?
3. Ƙafa tana da waya 36. Guda 4 sun karye, 5 sun saki. Nawa suka rage a ɗaure?
4. A rubuta abubuwa uku da za a yi idan waya ta karye a hanya.