Sabunta tsarin cikin salula

Yara, kun san salula. A kasuwar Ƙonni, da Malbaza, da Illela, ana sayar da Tecno, da Itel, da Samsung. Cikin kowace salula akwai wani tsari da kamfani ya rubuta. Ba a ganin shi da ido. Shi ne ke faɗa wa allo, da batir, da kyamara aikin da za su yi. In babu shi, salula ƙarfe ce kawai.

Wani lokaci ana gano ɓaraka cikin wannan tsari. Ɓarayi suna bi ta nan su saci hotuna, da saƙonni, da kuɗin da aka ajiye cikin salula. Saboda haka kamfani yakan aiko da gyara ta intanet. Wannan shi ake kira sabuntawa. Kamar yaɓen rumbu ne kafin damina.

Ga misali. Cikin watan Maris na 2017, kamfanin Microsoft ya fitar da wani gyara. Mutane da yawa ba su sa shi ba. Cikin watan Mayu, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci fiye da 200.000 a ƙasashe 150. Har asibitocin Ingila suka tsaida wasu ayyuka.

Amma ba kowane gyara ne na gaskiya ba. Na gaskiya yana ɗauke da hatimin kamfani, salula kuma tana duba hatimin kafin ta karɓa. Na jabu yakan zo ta WhatsApp, ko cikin saƙon da ba a san mai shi ba.

Ga ƙa'idodi 4:
1. A nemi gyara cikin saitin salula kawai.
2. A cika batir tukuna, aƙalla rabi.
3. A adana lambobi da hotuna wani wuri dabam.
4. Kada a kashe salula sai aiki ya ƙare. In ta mutu a tsakiya, tana iya ƙin tashi.

In za a kai ta wurin mai gyara, a cire katin SIM, kada kuma a ba shi lambar sirrin kuɗi. Ku faɗa wa iyayenku haka.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin tsarin cikin salula?
2. Yaya ake gane gyara na gaskiya?
3. Don me ake cika batir tukuna?