Jonny Wilkinson, gwanin bugun ƙwallo

Ranar Asabar da yamma yaran Zangon Lome suka yi wasan ƙwallo da yaran wata unguwa. Ana gab da tashi aka ba su bugun fanareti. Auta ne ya buga, sai ƙwallo ya bi ta saman raga. Aka cinye su ɗaya da nema. Auta ya rantse ba zai ƙara taɓa ƙwallo ba.

Ranar Litinin Malam ya gan shi zaune a gindin dogonyaro, ya zabga tagumi. Ya ce: «Auta, me ya same ka?» Auta ya ce: «Malam, ni na ja aka cinye mu. Ƙafata ba ta da sa'a.» Malam ya shigar da shi aji, ya ba yara wannan labari.

Akwai wani wasa da ake kira zari-ruga. Ƙwallonsa kamar ƙwai yake. Kowane ɓangare yana da mutum 15, ana kuma yin minti 80. Ana ɗaukar ƙwallo a hannu a ruga da shi. Wanda ya dire shi a bayan layin abokan karawa ya ci maki 5. A kowane ƙarshen fili akwai dogayen sanduna biyu da wata a gicciye, kamar harafin H. Tsawon ta gicciyen daga ƙasa mita 3 ne. In aka buga ƙwallo ya ratsa tsakanin sandunan ta samanta, an ci maki 2 ko 3. Saboda haka kowace ƙungiya tana neman gwanin bugu.

An haifi Jonny Wilkinson a Ingila a shekarar 1979. Tun yana ƙarami yake wannan wasa. Shi bahago ne, amma ya horar da ƙafar dama har ta saba. In abokansa sun tafi gida, shi sai ya tsaya a fili yana ta bugu shi kaɗai. A 1997 ya shiga ƙungiyar Newcastle. A 1998, yana da shekara 18, ya fara yi wa ƙasarsa wasa. A wannan shekara Ostareliya ta lallasa Ingila da maki 76 da babu, kuma yana cikin waɗanda aka lallasa. Ya ji kunya ƙwarai, amma da ya koma gida sai ya ƙara ƙaimi.

Ranar 22 ga Nuwamba 2003 aka yi wasan ƙarshe na Kofin Duniya a birnin Sidni, tsakanin Ingila da Ostareliya. Lokaci ya cika ana kunnen doki, aka ƙara lokaci. Maki suka kai 17 da 17. Akwai wani bugu mai wuya: mutum ya saki ƙwallo, da ya taɓa ƙasa sai ya buge shi. A wannan rana Wilkinson ya gwada shi sau uku, duk bai dace ba. Saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, aka sake miƙo masa ƙwallo. Ya buga da ƙafar dama, ƙwallo ya ratsa sanduna. Ingila ta ci 20 da 17, ta ɗauki kofi karo na farko.

Bayan murna sai wahala ta zo. Ya ji rauni a kafaɗa, da gwiwa, da hannu, har da ƙoda. Ya yi fiye da shekara 3 bai yi wa ƙasarsa wasa ba. A watan Fabrairu na 2007 ya dawo, ya ci maki 27 a wasa ɗaya. A 2009 ya koma ƙungiyar Toulon ta Faransa. Ya iya Faransanci sosai, mutanen garin suka riƙe shi kamar ɗansu. Sun ci kofin Turai a 2013 da 2014, da kofin Faransa a 2014. A nan ya bar wasa. Ya yi wa Ingila wasa 91, ya ci mata maki 1,179.

Auta ya ɗaga hannu ya ce: «Malam, ashe gwani ma yana kuskure?» Malam ya ce: «Sau uku a rana ɗaya, a gaban duniya. Da ya ƙi karɓar na huɗu fa? Yau da gobe shi ke sa allura ginin rijiya.»

Da aka tashi makaranta, Auta ya ɗauki ƙwallo. Ya jera duwatsu biyu a bakin fili, ya kira ƙanensa ya tsare masa gida.

Sababbin kalmomi
zari-ruga: le rugby
maki: le point
kunnen doki: l'égalité
bahago: le gaucher
rauni: la blessure

Tambayoyi
1. Me ya sa Auta ya yi tagumi?
2. Mutum nawa ne a fili in ana wasan zari-ruga?
3. Me Wilkinson ya yi bayan an lallasa su a 1998?
4. Da wace ƙafa ya ci bugun ƙarshe a Sidni? Don me wannan ya zama abin mamaki?
5. Mece ce ma'anar karin maganar da Malam ya yi?

Lissafi
A wasan Sidni, Wilkinson ya ci bugu 5, kowane maki 3. Maki nawa ya ci? Maki nawa abokansa suka ƙara har suka kai 20?

Aiki
Rubuta jimla biyar a kan wani abu da ka kasa yi da farko, daga baya ka iya.